BABI NA UKU: TARIHIN HIDIMOMI DA WASANNIN KAKA A ƘAUYUKAN ƘASAR KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasar Kano da sana'o'in mutanenta. A wannan babi kuwa za a dubi tarihin hidimomi da wasannin da iyalai suke yi da kaka a ƙauyukan wannan ƙasa, musamman daga zuwan Turawa a 1903 zuwa farkon wannan ƙarni. Abin da ya sa aka ware wa batun babi guda shi ne wata magana da ta zama ruwan dare a bakin jama'a, har ma da wasu ɗalibai masu nazarin al'ada, cewa wa'azin malamai ne ya kashe kalankuwa da sauran wasannin kaka. Ba a musun cewa wa'azi ya yi tasiri. Sai dai idan aka bi tarihin a hankali za a tarar malamai sun fi shekara ɗari da hamsin suna sukar waɗannan wasanni ba su mutu ba, hasali ma a wannan tsakani ne suka fi bunƙasa. Ke nan akwai buƙatar a ƙara neman dalili a wani wurin, wato a gona da rumbu da kasuwa.

3.1 Kaka a Lissafin Manomi

Bahaushen ƙauye yana raba shekara gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da rani, wasu kuma sukan ware hunturu su mai da shi na biyar. Kaka tana kamawa ne daga ɗaukewar ruwan sama, wajen ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, har zuwa lokacin da aka gama kai dawa rumbu a cikin Disamba. Ba rana ɗaya take shigowa ba, amfanin gona ne yake shigo da ita daki-daki. Gero ne kan gaba, domin tun ruwa bai ɗauke ba ake girbe shi. Daga nan sai gyaɗa, sai wake da maiwa, sa'an nan dawa ta rufe. Auduga kuwa har cikin hunturu ana tsinkarta.

Wani abin lura a nan shi ne mutumin ƙauye da lissafi biyu yake aiki. Azumi da salloli biyu da Maulidi da Takutaha suna bin watannin Musulunci, waɗanda suke matsowa baya da kimanin kwana goma sha ɗaya a kowace shekara. Kaka kuwa ba ta motsi, ruwan sama take bi. Manoma suna kiran lokacin faɗuwar damina watan bakwai, kuma idan aka ƙirga baya za a ga watan ɗaya yana faɗawa ne a cikin kaka. Wato a wurin manomi kaka ita ce farkon shekara, a nan ake rufe lissafin bara a buɗe na bana. Saboda bambancin lissafin biyu, duk bayan kimanin shekara talatin da uku azumi yakan ratsa tsakiyar kaka, kamar yadda ya faru a 1972 da 1973, da kuma 2005. A irin waɗannan shekaru wasa sai ya jira salla.

Aikin kaka na gida duka ne. A tsarin gandu, maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza sukan fita tun da sassafe, a yi girbi, a yanke zangarniya, a ɗaure dami, a jido a kan jaki ko a ka. Matan aure, waɗanda akasarinsu a ƙauyukan Musulmi suna cikin kulle, su ne masu dafa abincin gona, yara su kai. Tsofaffin mata da 'yan mata kuwa nasu ne roron wake da tsinkar gyaɗa da kala. Bisa al'ada, abin da ya saura a ƙasa bayan mai gona ya kwashe nasa na mai kala ne, kuma da yawa daga kwanonin da ake jera wa amarya a ɗaki daga kuɗin kalar gyaɗa suka fito.

Ga yaran ƙauye, wannan fita gona ita ce yawon buɗe ido na shekara. A nan ake hura wuta a gasa tumu, a turbuɗa gyaɗa a toka, a sha takanɗa, a kama fara, a haƙa ramin gafiya. Idan aka kwashe dawa sai kara ya wadata, yara maza su shiga ƙera motar kara. Da dare kuma, musamman idan akwai farin wata, sai a cika dandali, 'yan mata suna gaɗa, samari suna langa da kokawa, ƙanana suna gaban tsofaffi ana tatsuniya. Yunwar da ake sha a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, ita take sa wannan ƙoshi ya zama abin biki. A wannan lokaci ne kuma matan aure suke samun izinin zuwa ganin gida, Fulani su sauko da shanu cikin gonaki su ci kara su bar taki, a wasu kasuwannin har a yi sharo.

Kafin hatsi ya shiga rumbu akwai rabo. Ana fitar da zakka, dami ɗaya a cikin goma ga wanda amfaninsa ya kai nisabi. Bayan wannan akwai damin maƙeri da na wanzami da na malami da na makaɗi, da kuma na dangin da ba su samu ba. Wannan rabo yana da muhimmanci ga abin da za a tattauna a gaba, domin shi ne albashin masu nishaɗantar da jama'a. Makaɗin da ya kaɗa wa manomi gangar noma da damina, da kaka yake zuwa karɓar ladansa.

3.2 Kafin Zuwan Turawa

Tushen wasu daga cikin bukukuwan kaka yana cikin addinin gargajiya. Maguzawan ƙasar Kano, waɗanda ake samu a yankunan Gwarzo da Ƙaraye da Rogo da Tudun Wada da Sumaila, sun daɗe suna danganta albarkar gona da iskoki, suna yi musu yanka, suna kuma dafa giya da sabon hatsi domin gayya da biki. Masanin nan na Amurka, Joseph Greenberg, wanda ya zauna a cikinsu a 1938 zuwa 1939, ya tarar da wannan tsari da ransa. Bikin shan kabewa na 'yan bori shi ma da kaka ake yin sa.

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 ya kai ga faɗuwar sarautar Haɓe ta Kano a 1807. Shehu da ƙanensa Abdullahi sun yi rubutu a fili a kan haramcin cuɗanyar maza da mata a taruka, da kiɗan shagala, da yanka ga iskoki. Saboda haka sukar wasannin kaka ba sabon abu ba ne, ta girmi kakannin waɗanda suke yin ta a yau. Amma hukuma tana birni, hakimai ma a birnin suke zaune, jakadunsu ne suke fita ƙauye karɓar kuɗin ƙasa da zakka, kuma abin da ya dami jakada shi ne dami, ba abin da samari suke yi a dandali ba. Abin da ya fi taƙaita wasa a ƙarni na sha tara shi ne tsoro. Da zarar ruwa ya ɗauke hanya ta bushe, lokacin yaƙi ya yi. Hare-haren Ningawa a kudancin ƙasar Kano, da na Maraɗi da Damagaram daga arewa, da kuma Basasar 1893 zuwa 1895 tsakanin Tukurawa da Yusufawa, duk sun sa mutane sun takure a cikin ganuwa. Da wuya uba ya bar 'yarsa ta bi ayarin 'yan mata zuwa wani gari ta kwana uku a irin wannan hali.

3.3 Haraji da Jirgin Ƙasa da Gyaɗa

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Cikin 'yan shekaru kaɗan suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumominsu, suka haɗe kuɗaɗen da ake karɓa iri-iri, suka kuma matsa a riƙa biyan haraji da tsabar kuɗin Turawa maimakon wuri ko hatsi. Lokacin karɓa bai canja ba, kaka ce dai. Abin da ya canja shi ne dole manomi ya nemi abin da zai sayar ya samu sule.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa auduga suka sa rai za su kwasa zuwa masaƙun Ingila, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa. Jan Hogendorn, wanda ya yi nazarin farkon wannan ciniki, ya nuna zaɓin na hankali ne. Masaƙan gida suna sayen auduga da farashin da ya fi na kamfani, gyaɗa kuwa tana son jigawar Kano, harawarta abincin dabbobi ce, mata da yara suna iya tsinkarta su ɓare, kuma in shekara ta yi tsanani ana iya cin ta. Shekarar ta tsananta kuwa ba da daɗewa ba, domin ƙarancin ruwa na 1913 ya haifar da yunwar da ake kira Kakalaba a 1914. Duk da haka manoma ba su saki gyaɗa ba. Attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da Kwarori da kamfanoni irin su UAC suka baza 'yan baranda da sikeli a kasuwannin ƙauye, buhuna suka riƙa taruwa a Kano har aka shiga jera su dala-dala kafin jirgi ya kwashe. A 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa ta ƙasa, a 1954 kuma cinikin ya koma hannun hukumar Jihar Arewa, wadda take yanke farashi kafin a buɗe kakar saye. A shekarun 1960 Nijeriya ta kai ga zama kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa.

Abin da wannan ya haifar a ƙauye shi ne kuɗin shekara guda suna faɗowa hannu a cikin wata biyu ko uku. Kashe su ma yana da tsari. Haraji ne farko, domin dagaci da mai unguwa suna bakin ƙofa. Sai bashin da aka ci da damina. Abin da ya saura shi ne na atamfa da turmin alawayyo da kwano da fitila da keke, da kuma uwa-uba aure. Zuwa kasuwa ranar da aka auna gyaɗa ya zama fita ta musamman, maigida a gaba, yara a baya, a dawo da tsire da alewa da ƙosai.

Amma wanda ya fi cin moriyar sauyin, ta fuskar wasa, shi ne saurayi. A tsarin gandu ɗa yana yi wa ubansa aiki, uban kuma ya ciyar da shi, ya biya masa haraji, ya yi masa auren fari. Sai dai ana yanka masa gayauna, wadda yake nomawa da yamma ko ranar hutu, kuma abin da ya samu a cikinta nasa ne. Da can hatsi ko rogo ake sa wa gayauna. Da gyaɗa ta yi daraja sai samari suka cika gayauninsu da ita. Ta haka ne ɗan shekara goma sha takwas, wanda bai da iyali bai da haraji a wuyansa, ya wayi gari da kuɗinsa na kansa a aljihu da kaka. Ga hanya ta yi lafiya, ga keke. A kan waɗannan abubuwa uku kalankuwa ta tsaya.

3.4 Kalankuwa

Kalankuwa biki ne na samari da 'yan mata da ake yi bayan an kammala aikin gona. Kowane gari yana da Sarkin Samari, 'yan mata su ma suna da tasu shugabar. Su ne suke neman izinin dagaci, su sa rana, su aza wa kowa abin da zai kawo na kuɗi ko hatsi, su kuma aika goron gayyata zuwa garuruwan da suke maƙwabtaka da su. Baƙi sukan zo ayari-ayari da makaɗansu, a raba su gida-gida, a ciyar da su har a watse. Garin da aka je wa bana shi zai rama zuwa idan nasu ya tashi, saboda haka kalankuwa takan yi ta zagayawa daga wannan gari zuwa wancan har kuɗi su ƙare. Kalangu shi ne babban abin kiɗa. Akan share fili a kafa rumfuna, mahauta su yi yanka, masu tuwo da fura da waina da rake su kewaye wurin, har ya zama kamar wata ƙaramar kasuwa. Iyaye ba sa shiga rawa, amma ba a ce ba sa nan ba. Iyaye mata su suke dafa abincin baƙi, dattawa suna gefe suna kallon kokawa, kuma a nan ne ake lura da wanda yake neman wa. Aure da yawa da aka ɗaura da rani a filin kalankuwa aka ƙulla shi.

Ɓangaren da ya fi jan hankalin masu nazarin wasan kwaikwayon gargajiya shi ne naɗe-naɗen sarautu. Samari sukan kafa hukuma tasu ta 'yan kwanaki. Ban da Sarki da Waziri da Galadima da Alƙali, akwai Gwamna da Razdan da Di'o da Likita da Ma'aji da 'yan doka. Kowa ya nemi shigar da ta dace da muƙaminsa, mai Di'o ya sa gajeren wando da malafa, ya riƙe takarda, yana gwaranci ana yi masa tafinta. Wanda ya yi laifi, kamar ya zo a makare ko ya yi wa baƙo rashin kunya, sai 'yan doka su kama shi su kai gaban Alƙali a ci shi tara, kuɗin su shiga hannun Ma'aji.

Waɗannan sunaye su kansu hujja ce ta tarihi. Babu Razdan ko Di'o a ƙasar Kano kafin 1903. Ke nan ko da taron samari da kaka tsohon abu ne, siffar da dattawan yau suke tunawa, suke kuma kira al'adar iyaye da kakanni, ta zamanin En'e ce, tsarar dalar gyaɗa. Wannan ba ya rage mata daraja. Abin sha'awa ne ma a ce mutanen da aka gama tatsar haraji a hannunsu makon jiya su ne suke zaune yau suna dariyar ɗansu yana kwaikwayon wanda ya aza harajin. Hukuma ba ta hana ba, wataƙila domin ta ɗauke shi wasan yara. Amma wanda ya dubi yadda ake tara kuɗi, da ajiye su, da saukar da baƙi ɗari ko fiye ba tare da rikici ba, zai ga makarantar koyon shugabanci ce ga matasan da mafi yawansu ba su shiga aji ba.

Akwai kuma ɓangaren da ba a cika son faɗa ba. Kwanan 'yan mata a garin da ba nasu ba, da al'adar tsarance, da almubazzarancin da samari suke yi wajen yi wa makaɗa da 'yan mata kari, duk abubuwa ne da suke jawo magana tun a wancan zamani. Akan sami saurayin da zai ƙarar da kuɗin gayaunarsa kaf a dare biyu, ya tafi cin rani da bashi. Malaman ƙauye suna faɗa a kan haka, wasu iyayen suna hana 'ya'yansu zuwa, amma biki bai fasa ba.

3.5 Shekarun Fari da Abin da ya Biyo Baya

Cikin shekara goma, daga 1972 zuwa farkon shekarun 1980, kusan duk ginshiƙan da aka ambata suka girgiza. Farin 1972 da 1973 ya ƙone amfanin gona ya kashe dabbobi. Manoma ba su gama farfaɗowa ba sai ga annobar 1975, cutar nan da ƙananan ƙwari suke yaɗawa, wadda take nannaɗe ganyen gyaɗa ta tsumburar da ita. Mutane da yawa ko iri ba su mayar ba. Daga nan fitar da gyaɗa zuwa ƙasashen waje ya tsaya, dala ta ɓace daga Kano, abin da ake nomawa ya koma na matsar mai da ƙuli-ƙuli a cikin gida. Hukumomin cinikin amfanin gona sun ci gaba da jan ƙafa har aka rushe su a 1986.

A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur suka buɗe wata ƙofar. Gine-gine da masana'antun Bompai da Sharaɗa suna neman leburori, albashi ya tashi bayan ƙarin Udoji, abin da saurayi zai samu a birni cikin wata guda ya fi abin da gayauna za ta ba shi a shekara. Cin rani dai tsohuwar al'ada ce, amma da can sai an gama bukukuwa ake tafiya, a dawo da faɗuwar ruwa. Yanzu sai tafiyar ta matso, ana ɗaure damin ƙarshe ana neman mota, wasu ma ba su ƙara dawowa noma ba sai dai aike. Gandu ya shiga rarrabewa, gonaki suna ƙanƙancewa da rabon gado, musamman a ƙauyukan da suke kewaye da birni. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya ɗebi yara zuwa aji a watannin da ake kala. A shekarar ce kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi wanda ya kawo ƙarshen En'e, Razdan da Di'o sun riga sun zama labari. Har harajin da yake tilasta wa kowa ya sayar da amfani a lokaci ɗaya, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke shi tare da jangali a 1979.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na yankin Kura da Bunkure da Garun Malam. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Bagauda da ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka ja ruwa zuwa filayen Kadawa. Noman rani ya kawo arziki, wannan ba abin musu ba ne. Amma alkama tana son sanyin hunturu, dole a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, tumatir da albasa ma a wannan tsakani ake dashensu. Wato makonnin da aka saba warewa domin kalankuwa su ne suka zama makonnin gyaran fili da ban ruwa. Hana shigo da alkama da gwamnatin Babangida ta yi a 1987 ya ƙara tura mutane cikin wannan aiki. A waɗannan garuruwa kuɗi ba su ƙare ba, sun ma ƙaru, abin da ya ƙare shi ne hutu. Lokacin da aljihu yake cika ya koma tsakiyar rani, sa'ad da motoci suke lodin tumatir a Kwanar Gafan.

3.6 Matsayin Wa'azi

A kan wannan hali ne sabon wa'azi ya sauka. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, karatun Sheikh Abubakar Gumi yana shiga kowane gida ta rediyon Kaduna, kaset-kaset suna yawo, makarantun Islamiyya suna yaɗuwa har ƙauye, 'yan ɗariƙa su ma suka ƙara himma wajen nasu makarantun. Bambancin wannan wa'azi da na da shi ne ya sami samarin kansu. Wanda da zai zama Sarkin Samari sai ya zama shugaban 'yan agaji. Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kuma yi dokar Hukumar Hisba a 2003, taron da yake haɗa maza da mata da kiɗa cikin dare ya rasa wurin tsayawa. Saboda haka gaskiya ne wa'azi da doka sun rufe ƙofar, amma a garuruwa da yawa sun tarar da ɗakin ya riga ya yi kango. Buƙatar taruwa kuwa ba ta tafi ko'ina ba. Walimar saukar Alƙur'ani da musabaƙa da Maulidi da gasar ƙwallon ƙafa tsakanin ƙauyuka sun ɗauki abubuwa da yawa na tsohon tsari, har da karo-karo da gayyatar maƙwabta da saukar baƙi da ramuwar ziyara.

3.7 Dambe

Dambe ya isa ya zama ma'aunin wannan bayani. Asalinsa wasan mahauta ne, waɗanda suke bin garuruwa da kaka domin a lokacin ne manomi yake da halin sayen nama. Inda aka yi yanka da rana, da yamma sai a buɗe fili, 'yan damben gari su kara da baƙi, masu hali su yi kyauta da dami ko riga ko kuɗi. Ta fuskar addini, abin da ake suka a dambe bai gaza na kalankuwa ba: ga kiɗa, ga layu da guraye, ga kirarin da yake cike da alfahari, ga cutar da jiki. Da wa'azi kaɗai ne yake kashe wasa, da tare za su tafi.

Amma dambe ya sami abin da kalankuwa ba ta samu ba, wato hanyar rayuwa ba tare da rumbu ba. Waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan'anace, musamman waɗanda ya yi wa Shago, sun bi rediyo sun kai sunan 'yan dambe inda ƙafarsu ba ta taka ba. 'Yan cin ranin da suka bar ƙauye suka zama 'yan kallo a birni. Sai aka kewaye fili, aka sa mai karɓar kuɗi a ƙofa, aka raba 'yan wasa ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, kowane da magoya bayansa. A Kano, dandalin Ado Bayero da yake Sabon Gari ya yi suna da wannan. Kokawa ma ta sami irin wannan mafita a Jamhuriyar Nijar, inda gwamnati ta ɗauki nauyin gasar ƙasa tun daga 1975, aka fara a Tawa, ana ba wanda ya yi nasara takobi. Ɗan damben wannan zamani ba ya jiran a girbe dawa. Yana wasa da rani da bazara, da damina ma idan ruwa bai hana ba, ana ba shi babur ko mota, ana kuma ɗaukar wasan a waya a sa a YouTube, mutumin Gwarzo da yake aiki a Legas ya kalla a ɗakinsa.